Ranar da Na Ceci Kwale-kwalen Surukina

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in binne ta. Ku da kuka saba jin labaran tafiye-tafiyena kun san ni da tonon wautar mutane, in ba ku dariya in koma gefe. To wannan karon wautar tawa ce, kuma a gidan surukai na tafka ta. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne ƙanena yana wurin, shi kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Gara ku ji daga gare ni kafin ya ƙara mata gishiri.

Tun asuba muka gama shiri, amma ba mu bar Tsafe ba sai da rana ta fito, don hanyar tamu yanzu ba a yi mata sammako. Mu huɗu ne: ni, da maiɗakina, da babbar 'yarmu da ta zo hutu, sai ƙanen nawa a kan sitiyari. Wani ƙauye muka nufa a bakin gulbi, gaba da Bungudu, za mu gaida wan mahaifin maiɗakina. Baba muke ce masa. Shi ya ba ni aurenta, kuma shekara shida rabona da shi. Masassaƙi ne, amma ba na turmi da taɓarya ba, kwale-kwale yake sassaƙawa. Da za mu fita, Inna, mahaifiyata, ta miƙo ƙullin daddawa a kai masa, ta kuma ce in rage surutu tunda gidan surukai za ni. Na ce to.

Ban rage ba. Tun kafin dutsen Kwatarkwashi ya bayyana na buɗe musu karatun jiragen ruwa. Na ba su labarin na Yawuri, na ba su na Lakwaja, na haɗa da wanda na shiga a Legas har hulata ta faɗa ruwa. A kowane shingen jami'an tsaro nakan tsaya, da mun wuce in ɗora daga inda na ajiye. A Tudun Wada ta Gusau muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an aiko masa baƙo, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Da na yi ƙorafi, mai tuyar ta ce in je in tambayi masu wake da masu mai. Maiɗakina ta sayi goro da sabulu na tsaraba, muka kama hanyar Sakkwato.

Bayan Bungudu kaɗan muka sauka daga kwalta muka hau burji. Ƙarshen rani ne, zafi tun da hantsi. Gonaki duk an share an tara taki ana jiran ruwa, fadama ce kawai ke da kore, ana ta haƙar albasa. Da muka isa aka ce Baba ya tafi ta'aziyya Rawayya, sai la'asar zai dawo. Maiɗakina ta shige cikin gida wajen mata, mu aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyin randa. Da na zauna a nan har ya dawo, da yau ba ni da labari.

Amma na ce mu je mu ga gulbi. Ni da ƙanena da 'yata muka gangara. Gulbin ya janye, yashi ne fari shimfiɗe, sai gurabun ruwa nan da can. Ƙarƙashin wata kanya muka ga wurin aikin Baba: gatari, gizago babba da ƙarami, da tulin sassaƙe ja mai ƙanshin ɗaci, alamar maɗaci aka yi aiki da shi. Ga kuma tsohon kwale-kwalen garin a kife, ya ruɓe har kana hango yashi ta cikinsa. Sabon ne ban gani ba.

'Yata ce ta hango shi. Yana cikin gurbi mafi girma, ya nutse gaba ɗaya, bakinsa kawai ke leƙowa, cikinsa cike da duwatsu. Nan take raina ya ɓaci. Na ce wannan aikin mahassada ne, sun ga tsoho ba ya gari sun nutsar masa da wahalarsa. 'Yata ta ce, “Baba, amma dubi yadda aka jera duwatsun, kamar da gangan.” Na ce ai mugunta ma da gangan ake yin ta. Na ƙara da cewa na ga jirage a ƙasashe, ban taɓa ganin wanda aka sassaƙa don ya zauna ƙarƙashin ruwa ba.

Na tuɓe babbar riga na ba 'yata, na naɗe wando. Akwai wata mata tana wanki a gefe, ta ɗago ta ce, “Baƙo, na Baba na fa.” Na ce na sani, shi ya sa. Ta buɗe baki, ta dube ni, ta dubi babbar rigar, ta mayar da kai kan wankinta. Daga baya na ji ta san ni surukin gidan ne, ta ɗauka aiko ni aka yi.

Dutse ɗaya ɗaya muka kwashe. Muka ari ƙwaryar matar muka kwarfe ruwa, muka kira wasu masu albasa biyu suka kama mana, su ma suna ganin ai da izini. Muka ja shi har tsakiyar yashi, inda babu ko inuwar kara, na ce a bar shi nan ya sha rana ya bushe sarai. Abu ne mai kyau, jama'a. Gungume ɗaya ne, babu haɗi, cikinsa sumul kamar akushi. Na tsaya a jikinsa na riƙe ƙugu, 'yata ta ɗauke ni hoto.

Muka koma muka tarar da hoce da miyar sure. In ba ku taɓa cin hocen da aka gasa a tukunyar ƙasa ba, gefensa ya ɗan ƙone, ku gutsura ku tsoma a miyar sure mai tsami da ta sha ƙuliƙuli, to akwai sauran abinci a gabanku. Na ci uku, ina jin na ci da gumina. Har na hana ƙanena faɗa wa maiɗakina, na ce a bari Baba ya fara ji.

Da la'asar ya dawo a bayan babur, tsoho siriri mai faɗin tafin hannu. Muka durƙusa muka gaisa, dattawan unguwa suka taru a ƙofar gida. A gabansu na gyara murya na ba da labarin yadda na tarar da ɓarna na gyara. Ina magana ina jiran a fara sa albarka. Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Baba ya tambaye ni abu ɗaya kawai.

“Tun yaushe yake bisa yashi, Malam?”

Na ce tun kafin azahar. Ya sa takalmansa ya kama hanyar gulbi, muka bi shi a baya. A hanya ne dattijon mai carbi ya matso kusa da ni ya yi mini bayani da ƙaramar murya. Itacen ɗanye ne. In an gama sassaƙa, sai a nutsar da shi a danne da duwatsu ya yi mako biyu, ruwa ya zuƙe ruwan jikinsa, sannan a fitar da shi a inuwa ya tsane a hankali. In rana ta buge shi kai tsaye, tsagewa yake yi. Kwanansa uku ke nan a ruwa. Ya ce wata uku Baba ya yi a kansa, kuma babu wani gungumen, don wannan maɗacin a bakin gari ya faɗi, dajin da ake samo irinsa kuwa yanzu ba ya shiguwa. Rabin gonakin garin suna ƙetare. In gulbi ya kawo babu jirgin fito, sai dai a zagaya ta gada, tafiyar rabin yini.

Na yi ta addu'a a zuci Allah Ya sa ranar yau ta yi sanyin hali.

Ba ta yi ba. A goshin jirgin, gefen da ya kalli rana, ga tsaga ta sauko daga baki, ta fi taƙi ɗaya tsawo. Baba ya tsuguna ya bi ta da babban yatsa tun daga sama har inda ta tsaya. Na fara ba da haƙuri, kalmomin suna harɗewa. Ya ɗaga hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce a kawo wuta, ni kuma in riƙe masa nan.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya sa ni aiki. Ya gasa wani siririn ƙarfe ya yi ja, ya huda ɗan rami daidai ƙarshen tsagar, ya ce nan za ta gaji ta tsaya. Ya tura auduga ciki da bakin wuƙa, ya bi da narkakkiyar kwalta, ya yanko fallen langalanga ya lulluɓe ciki da waje, ya jera ƙananan ƙusoshi kamar ɗinkin hula. Ni ina riƙe, gumi na ɗiga, rabin gari na tsaye a kanmu. Maiɗakina ta iso, ta dubi jirgin, ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wannan ya fi mini tsagar ciwo.

Da ya gama aka mayar da jirgin gurbi. Na tambaye shi ko zai riƙe. Ya ce shi ma bai sani ba, gulbi ne zai faɗa in ya kawo. Sannan ya ɗan murmusa ya ce:

“Jirgi ba ya rasa faci, Malam. Wanga dai ya riga 'yan'uwanai samu, tun bai ga damina ba.”

Matasa suka zo za su mayar da duwatsun, na roƙe su su bari. Ni na ɗebe su ɗaya ɗaya, Baba yana nuna mini inda kowanne yake zama, manya a tsakiya, ƙanana a goshi da baya. Ashe har jerin nasu yana da ilimi, kamar yadda 'yata ta gani tun farko.

Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da bandar tarwaɗa. Kun san suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, don haka na ji daɗi za a bar ni da kunyata ni kaɗai. Sai ga Baba ya shigo zauren, ya zauna, ya jawo akushin tsakaninmu. Na ce na ƙoshi. Ya ce wanda ya riƙe masa langalanga abokin aiki ne, abokin aiki kuwa tare ake ci. Ya ɓare kifin ya tura mini tsoka gabana. Ban taɓa cin miya mai daɗi irin wannan cikin kunya irin wannan ba.

Washegari da hantsi muka juyo. Baba ya ba mu buhun albasa da ƙullin bandar kifi na Inna, bai ƙara ta da maganar ba. Daga Bungudu har Gusau, daga Gusau har Tsafe, babu wanda ya ji labarin Yawuri ko Lakwaja. Ƙanena ya yi ta tari irin na mai danne dariya. 'Yata ta tambaye ni ko ta goge hoton, na ce ta bar shi, ina bukatarsa.

Mako biyar na yi ina duban sama. Kowa na roƙon ruwa, ni ina roƙo ina fargaba. Da gulbi ya kawo, sai aka kira maiɗakina daga ƙauyen. Jirgin ya ƙetare da mutane da garmunansu, ya dawo. Yana ɗan tsatsafo ta wajen facin, an ajiye gwangwani na kwarfa. Baba ya hana a cika shi, mai fito yana ƙara sawu biyu kullum a kan abin da ya kamata. Wato kowace safiya akwai manoman da ke tsaye a bakin ruwa suna jiran sawu na gaba saboda ni. An ce langalangar tana ƙyalli tun daga nesa, kuma duk garin sun san sunan wanda ya jawo ta.

Abin da na koyo bai da yawa. Na shiga jirage da dama, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yin ko ɗaya ba, na ɗauki zama a ciki a matsayin sani. Mutum biyu suka so tsayar da ni, 'yata da mai wanki, babbar rigata da yawan bakina suka rufe musu baki. Tambaya ɗaya ta isa, ban yi ta ba.

Ranar da labarin ƙetarewar ya zo na je na faɗa wa Inna komai, tun daga duwatsu har gwangwani. Tana gyaran kifin nan da aka aiko mata, ba ta katse ni ba har na gama. Sai ta ɗago ta dube ni ta ce:

“To duk garuruwan nan da kake zuwa kana dawo mana da labari, su ma haka kake taimakonsu?”