Ƙusar Inna a Zaure

Shekara ashirin ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna, amma ƙusar da ta kafa a zaurenmu na Ƙofar Marke tana nan. A jikinta marigayi Baba yake rataye rigar feshin magani, don Inna ta hana ta shiga cikin gida.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne. Zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo, maganin ƙwari ya wadata, shi kuwa ya ɗauke shi kamar turare. Ya fesa wa buhunan wake, ya karkaɗe hannu, ya nufi akushi. Inna ba ta yi boko ba, amma ta ga yadda kajinta suka ƙare bayan sun sha ruwan wankin rigar nan. Gani ya kori ji.

Ranar da na haifi ɗana na fari, Bello, a ɗakinta, Baba ya taho daga sito da gudu, warin magani na biye da shi. Ya tauna dabino zai sa wa jariri a baki da yatsa, kamar yadda aka saba. Ina kwance ina kallo. Sai Inna ta tare ƙofa.

"Alhaji, wanga hannu ba shi shiga bakin jikana."

"Haba Hajiya, ai na yi alwala!"

"Alwala ta sallah ta. Dahi sai sabulu. Tahi ka yi wanka."

Babban mutum, ga mata cike da tsakar gida, ya juya yana ƙunƙuni. Ya dawo fes cikin wata riga, ya wanke baki, ya nemi sabon dabino. Har ya rasu yana tsokanarta da "Likitar Kaji", ita kuwa ko a jikinta.

Da Inna za ta ga yau, yadda ake zuba ruwan sha a jarkar magani, mai feshi ya sauke tanki ya ɓare goro, na san unguwa ba za ta zaunu ba. Ina kewar faɗan nan ƙwarai.

Bello yanzu har ya yi furfura, yana noman albasa a Kwalkwalawa. Rannan daga feshi ya biyo ta gidan namu na Ƙofar Marke, 'yarsa ta rugo za ta rungume shi. Ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Tsaya, bari in biya ta ƙusar Inna."

Allah Ya jiƙanta.