Dattin Yatsu a Gefen Kati

Matar da ta koya mini jera kati a laburaren makarantarmu a Minna 'yar kudancin Kaduna ce, Anti muke ce mata. A lokacin kowane littafi da katinsa a akwatunan katako, mai nema sai ya bi su da yatsa. Anti ta lura katunan da aka fi taɓawa gefensu ya yi baƙi. Shekara uku tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta masu datti da waɗanda suke fes a wani littafi mai jan bango, don ta gane abin da ɗalibai ke nema da gaske. A kan wannan take son yin digiri na biyu, wanda in babu shi ba ƙarin girma har ritaya.

Ranar da ta kawo batun gaban kwamiti ina ciki, ina ji da sabon digirina. Yayin kwamfuta ake yi, duk wanda bai ambace ta a bincikensa ba baƙauye ne. Ni na fara. Na tambaye ta wane sabulu za ta ba da shawara a saya a ƙarshen binciken. Aka tuntsire da dariya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Ta sauya batu zuwa kwamfuta. Kafin ta gama babi biyu an koma intanet. Ta bi intanet, aka koma wayar hannu. Kullum ta iso tasha, mota ta tashi. Ta yi ritaya ba digiri, ta koma Paiko wajen ɗanta. Katunan kuwa aka tara su bayan ofis aka cinna musu wuta.

Sai yayi ya juyo. Yanzu kowa bin sawun masu karatu yake yi: me suka latsa, ina suka daɗe. Na tuna da jan littafin nan. Na hau mota zuwa Paiko da lemo a leda, na ce wa Anti ta ara mini littafin, dubawa kawai zan yi. Da hannu biyu ta miƙo mini. Daga cikinsa na fitar da maƙalar da ta kai ni kujerar da nake kai yau. Sunanta bai fito ko a godiya ba.

Bara ta zo ofishina, wai wani ya gaya mata labarin maƙalar a coci. Ba ta yi faɗa ba.

"Malam, ashe dattin ya yi amfani," ta ce. "Ba ni littafina, jikokina su gani."

Rubutun hannunta ne tun daga bango har bango, duk wanda ya buɗe zai gane. Na ce mata ya ɓata lokacin da muka sauya ofis. Na raka ta bakin titi, na tare mata keke. Littafin yana aljihun teburina na ƙasa, a kulle.