Bakwainin Ƙanwata

Ana tsakiyar yankan riɗi ƙanwata ta haihu, cikin ko wata bakwai bai cika ba. Mijinta yana can Simsim wurin aikin gona, saboda haka ni na ɗauke ta a raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, zuwa asibiti a nan Gadarif. Yarinyar ta zo ba kuka, da kaɗan ta fi tafin hannuna. Aka sa ta a hadana, akwatin gilashin nan da ke ɗumama bakwaini, aka zura mata siririn tiyo ta hanci.

Bayan 'yan kwanaki likitar yara ta kira mu. Mace ce doguwa, ba ta gaggawar magana. Ta ɗora na'urar hoto a kan maɗigar yarinyar, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ta nuna mana wani farin tabo a allo.

Ta ce da Larabci, "Jini ne ya tsiyaya a ƙwaƙwalwarta. Jijiyoyin bakwaini ba su da ƙwari. Wani lokaci jiki yakan shanye shi. Wani lokaci ruwa ya taru kai ya kumbura, ko abin ya taɓa tafiya ko magana. Yau ba zan iya ce muku ga wanda zai faru ba."

Ƙanwata ta riƙe gefen mayafina. "Yaya, me ta ce?"

Ta ji sarai, so take ta ji da Hausa. Na maimaita mata, ban rage komai ba.

Daga ranar na zama mai kai labari gida. Kullum da safe ana auna kan yarinyar da awon tela, ni kuma ina tsaye bayan mai jinya ina leƙe. In ta ce kai bai ƙaru fiye da kima ba, sai in kama hanya, tun daga ƙofar gida nake ƙwala wa Inna kira tana gaban kasko tana toya kisira, siririyar wainar dawar da muke ci. Ranar da yarinyar ta kama nono da kanta na gaya wa mai raksha, na gaya wa mai sayar da gawayi, har wata mata da ban sani ba na tsayar. Da aka sake hoto aka ga jinin yana janyewa, sai da likitar ta ce in rage murya, akwai masu barci.

Ba kowa ya fita da irin namu ba. Matar da ke gado kusa da ƙanwata, kan ɗanta ya tara ruwa, aka tura su Khartum. Mun raka su har mota, ba mu sake jin labarinsu ba.

Muka dawo gida da yarinyar a ƙirjin uwarta, cikin tufafi. Yarinyar ta yi jinkirin zama. Hannunta na hagu a dunƙule, ƙafar hagu a sandare. Aka koya mana yadda za mu riƙa miƙe su, muna yi safe da yamma da man riɗi, tana tsala ihu. Baki kuwa ya riga komai buɗewa. Tana zaune a tabarma take aiken mutane, da Hausa da Larabci.

Tana dab da shekara uku, wata la'asar mata sun taru a rumfarmu shan gahawa. Tana tsaye riƙe da ƙafar gado kamar kullum. Aka ajiye farantin dabino can gefe. Ta ce a miƙo mata, hira ta ɗauke hankalin kowa. Sai ta saki gadon.

Ƙanwata ta yunƙura za ta tare ta, Inna ta riƙe hannunta. "Bar ta."

Ta tafi tana jan ƙafar, tana tangaɗi, har ta faɗa kan farantin. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Maƙwabta suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ubanta da ya dawo daga kasuwar dawa ya durƙusa a tsakar gida ya buɗe hannu, ta ƙi zuwa, ta ce ta gaji.

Yanzu tana makaranta. Har yau tana jan ƙafar, lissafi yana ba ta wuya, in ta yi gudu takan faɗi. Da damina, in laka ta cika hanya, nakan ce in goya ta, sai ta ce, "Inna babba, ke dai riƙe min jakata."