Takalman da Ba a Zo Ɗauka Ba

Ranar Juma'a ce. Na tashi ƙarfe biyar da rabi, na jiƙa zoɓo, na share ɗaki. Ta tagar kicin ana hango duwatsun bayan unguwar Ka'akiyya. Da safe launin toka gare su, kamar raƙuman da suka durƙusa ba su da niyyar tashi. Na tsaya ina kallonsu har ruwan zoɓon ya yi ja.

Sunana Maryamu. Na yi karatun koyarwa a Zariya, ban samu aji ba. Mutumin da ya yi mini hanyar aikatau ya rubuta Maryam a takarda, ya rubuta Musulma, bai tambaye ni ba. Haka na shigo Makka, garin da ba a yarda Kirista ya taka ba. Bayan shekara guda na gudu daga gidan aikin. Na zauna ba igama, wato takardar izinin zama, ina wanki da guga.

Ɗakina, a hawa na uku, shi ne ikilisiyarmu. Matar da ta fara tara mu an kama ta a kasuwa, an mayar da ita gida. Aka ce ni zan riƙe, don ni ce mai karatu. Dokoki biyu ta bar mini. Ta farko: duk wanda ya zo da sunan Yesu a buɗe masa, kada a tambaye shi wa zuciyarsa take so. Shi ya sa muke da Saratu da Ladi, waɗanda suka shekara bakwai a ɗaki ɗaya kamar mata da miji, ni na ɗora musu hannu na sa musu albarka. Shi ya sa muke da Anti Balaraba, ɗan daudu mai tuwo da masa a unguwar Jarwal, wanda aka kira sunansa a gaban jama'a aka kore shi daga coci tun yana saurayi. A titi Bala ne, da farar jallabiya. A ɗakina takan ciro mayafi daga leda ta yafa, mu kira ta yadda take so.

Doka ta biyu: takalmi ba ya kwana a bakin ƙofa. A tsakar ranar Juma'a duk namijin garin nan yana masallaci. Takalmin namiji a ƙofar mace a wannan lokaci ya isa shaida. Kowa yakan shigo da nasa a ƙafa, in karɓa in zuba a buhun shinkafa da ke rataye bayan ƙofa.

Ƙarfe tara suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa da ledar tufafi kamar ya kawo wanki. Ƙarfe goma da rabi Anti Balaraba ta iso da burodi mai zafi a hammata. Ta sa lalle a daren jiya, tana ta juya hannu don mu gani. Ta ɗanɗana zoɓon da za mu yi jibin Ubangiji da shi, ta ce ya yi tsami kamar fuskar mai gidan haya. Ladi ta ce ai tuwonta ma ba a cinsa sai da addu'a. Muka yi dariya a tafin hannu. Anti ta ce mana akwai baƙo yana tafe, Baba Ishaya, direban tankar ruwa, wanda ya shekara shida bai ji an ce amin tare da shi ba.

Sha biyu da kwata lasifikokin unguwa suka ɗauka. Lokacinmu ke nan. Muna waƙa ne a ƙarƙashin huɗuba, murya ƙasa ƙasa, muna buga cinya da yatsa biyu. A kan akwati akwai kofi, da burodi, da gicciyenmu na asuwaki biyu da aka ɗaure da zare.

Ana cikin waƙa aka taɓa ƙofa sau uku. Ina tsaye da waya a hannu, zan fara karatun Littafi Mai Tsarki daga cikinta. Ladi ta buɗe. Wani dattijo ya shigo, hularsa a hannu, ƙafarsa ba takalmi. Da ya ga gicciyen sai ya durƙusa, kafaɗunsa suna rawa. Duk muka juya gare shi. Na ɗauka Ladi ta karɓi takalminsa. Ladi ta ɗauka ya ba ni.

Mu tara ne. Na gutsura burodi na ba kowa a hannu. Baba Ishaya ya karɓa da hannu biyu.

Ɗaya saura kwata aka sallame sallah. Muka yi shiru kamar kullum, muna sauraron sawun maza suna hawa matakala. Kullum sukan wuce. Ranar nan wani sawu ya tsaya.

Na ji an ɗaga abu daga ƙasa, an sake ajiyewa. Sai muryar ɗan mai gidan, yana tambaya da Hausarsa mai gauraye da Larabci takalmin wane ne wannan. Ya daki ƙofa da tafin hannu.

"Iftahi! Buɗe!"

Na dubi buhu, na dubi ƙafafun Baba Ishaya. Ya gane kafin in yi magana.

"Wurin ibada ne, 'yata," ya ce a hankali. "Ban iya shigowa da su ba."

Sawun ya sauka da gudu. Muka ji yana kiran sunaye a titi. Minti biyar bai cika ba matakala ta cika da ƙafafu. Wani ƙarfe yana gogar bango yana hawowa.

Anti Balaraba ce ta fara motsi. Ta ja firij ta kara a ƙofa, ta jingina bayanta. Na ce ta cire mayafin, ko don su ga namiji kawai. Ta girgiza kai. Ta ciro buhun daga ƙusa ta jefo mini.

"Ƙawata, kai su sama. Ba su takalmansu, ƙasa da zafi."

A kicin akwai ƙaramar ƙofa da ke fita saman bene, inda nake shanya. Muka bi ta ɗaya ɗaya. Siminti ya kama tafin ƙafata kamar tanda. Na tsuguna zan kwance bakin buhu, amma ba wanda ya tsaya. Mutum huɗu sun riga sun haura katanga, biyu gabas, biyu yamma. Na ga ƙafafunsu kawai.

Baba Ishaya bai fito ba. Gwiwarsa ta ƙi matakalar. Ladi ta saki hannun Saratu ta koma ɗauko shi.

Ƙarfe ɗaya daidai ƙofa ta karye. Na ji firij ya faɗi. Na ji kofi ya fashe. Aka yi ɗan shiru, na numfashi ɗaya. A shirun nan suka ga mayafin, suka ga lallen, suka ga gicciyen. Da ihun ya dawo, ba irin na farko ba ne.

"Riƙe shi! Kada ya tashi!"

Ƙarar itace a jikin mutum ba ta da amo. Anti ta fara da zagi, da Hausar kasuwa, har uwayensu. Daga baya ta koma kiran Yesu. Daga baya itacen kaɗai nake ji.

Saratu ta yunƙura za ta koma. Na rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da buhu. Sai aka buɗe ƙofar benen maƙwabta. Hajiya Zulai ce, tsohuwar da nake wa wanki, wadda kakanta ya zo hajji a ƙafa daga Sakkwato bai koma ba. Carbinta yana hannu. Ta dube mu, ta dubi ƙofar kicin ɗina, ta miƙo hannu ta katanga ta jawo mu.

Ta sa mu a ɗakin ajiya. Ta kawo roba da ruwan sanyi muka tsoma ƙafa. Fatar tafin ƙafata ta riga ta tashi. Sai a lokacin na lura takalmina yana cikin buhun da na rungume.

Ɗaya da minti ashirin muka ji jiniya. Akwai tsaga a jikin taga. Na ga an fito da Baba Ishaya, jini a gemunsa. Na ga Ladi, ba ɗankwali, tana waige waige sama. Na toshe wa Saratu baki. A ƙarshe mutum biyu suka fito da bargona, da nauyi a ciki. Hannu ɗaya yana lilo, da lalle har wuyan hannu.

Bayan la'asar Hajiya ta ba mu baƙaƙen abaya da niƙabi. Ta kira wani mai tasi daga unguwar Hindawiyya, ta ce masa 'ya'yan ƙanwarta ne za su Jidda. Ba ta tambaye mu kome ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce ita dai ba ta san abin da muke yi ba, wankina ta sani, kuma yana fita.

Ƙarfe biyar muka bar Makka. A shingen bincike aka leƙo, aka ga mata biyu da buhun shinkafa, aka ɗaga hannu. Duwatsun sun koma ja. Saratu ba ta yi kuka ba sai da muka ji warin teku.

Wata huɗu ke nan. Muna Jidda, a ɗakin wata mata mai sayar da turare, ba ta san ko mu su wane ne ba. Ba na tara kowa. Idan an taɓa ƙofa, ba na buɗewa. An ce Baba Ishaya yana gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ladi ba a ce kome ba. Inda aka kai bargon, ba wanda zan tambaya.

Takalman mutum takwas ne a buhun. Na sa nawa, Saratu ta sa nata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka haura katanga ya neme mu bayan wata biyu, ya ɗauki nasa, bai zauna ba. Sauran ukun shiru. Na Ladi shuɗi ne, mai igiya. Saratu takan ɗauka ta share ta mayar. Na Anti na maza ne, wanda take tafiya da shi a titi, dunduniyar hagu ta cinye, da ɗigon man gyaɗa a kai.

Duk Juma'a, idan lasifika ta ɗauka, nakan fito da su. Na mutum biyar. Ina jera su daga ciki, nesa da ƙofa.