Almakashin Baba Mai Farce

Shekara goma sha tara Baba Mai Farce yana shiga ɗakin maza na asibitin duk Laraba, kuma ba wanda ya ɗauke shi aiki. Jinyar wansa ce ta fara kai shi. Ya ga farcen majinyata na tsawo har yana sarƙe bargo, sai ya mayar da yankan sadaka. Almakashi ɗaya gare shi, da tsumman gogewa. Da tsufa ya zo hannu ya soma rawa. Yakan ɗan yanki mutum, yakan yanki kansa, ya danna auduga ya wuce gado na gaba.

Wata Laraba sabuwar nas ta tare shi a ƙofa.

"Baba, da wannan kake yi wa kowa?"

"Da shi, 'yata. Bai taɓa ba ni kunya ba."

"An gwada jinin mutanen ɗakin nan. Cikin ashirin, biyar na ɗauke da ciwon hanta, yawancinsu ba su ma sani ba. Ɗigon jini ya isa ya kai shi jikin wani."

Baba ya dubi almakashinsa. Da almakashin nan yake yanke wa matarsa farce, da jikarsa 'yar shekara uku. Ya nufi gida, ya kama yarinyar yana gwale mata ido ko ya yi rawaya.

"Malam, lafiya?" in ji matar. "Ka tsorata ta fa!"

Shi ne a tsorace. Washegari ya tasa su gaba zuwa gwaji a asibitin. Kwana shida yana jiran sakamako.

"Matarka ba ta da shi," in ji likita. "Jikarka ma haka, an yi mata rigakafi tun tana jaririya."

"Alhamdu lillahi!"

"Amma kai kana da shi, Baba. Yadda hantar ta nuna, ya daɗe, wataƙila tun ƙuruciya. Za mu fara duba ka."

"Tun kafin in fara zuwa nan?"

"Da alama."

Ya fito baranda. Shi da yake tsoron ya kwaso, ashe wataƙila shi ke rabawa. Ya so ya tuna mutanen da ya yanka, suka fi ƙarfin tunawa.

Wani majinyaci ya hango shi ta taga, ya zaro ƙafa daga bargo yana murmushi.

"Baba, yau an manta da mu ne?"

Baba ya mayar da hannayensa baya.