Zalɓen da Baba Ya Nema

Sana'ata ɗaukar hoto ce. Ina da ɗan shago a Wurno, inda nake ɗaukar 'yan makaranta da masu neman aiki, ranar biki kuma a kira ni gidaje. Ban taɓa tunanin ɗaukar tsuntsu ba sai da ɓarin jikin Baba ya shanye.

Baba masunci ne, rayuwarsa duka a bakin gulbin Rima ya yi ta, daga baya ya koma dam ɗin Goronyo. Da ciwon ya kwantar da shi muka dawo da shi gida. Bai cika kukan ƙafa ko hannu ba, ruwa yake tambaya. Ya cika? Ya janye? Agwagin ruwan nan, kirinjijiya, sun sauka?

Wata Asabar na hau babur na tafi Goronyo, na samu zalɓe tsaye cikin ciyawa, na ɗauke shi tsaf. Na wanke hoton babba na kai masa ina jin kaina.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mi na wanga?"

"Zalɓe ne, Baba."

"Wanga ai kamar an ɗaure mai ƙahwa. Ni zalɓen da nis sani bisa shike. Ka kawo man shi shina tashi."

Na ce zan kawo. Ban yi shakka ba, domin na san hannuna. Wanda ya iya kama amarya tana dariya cikin turmutsutsun mata, tsuntsu ba zai gagare shi ba.

Sai dai da farko ya gagare ni. Na dawo da hotunan sama zalla, da na jela, da wani mai fukafuki kamar an shafa toka a bango. Na zauna a shago ina duba su ɗaya bayan ɗaya har na gane laifina: tsayawa nake cik, kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Sai na fara gwaji da shirwar da ke shawagi a kan mahauta. Na koyi manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in juya da ƙugu ina bin ta, kuma ko na danna kada in tsaya. Mahauta suna ta yi mini dariya, ni kuwa ina ganin hotunan suna gyaruwa.

A bakin ruwa na lura da wani abu kuma. Zalɓe yakan fuskanci iska kafin ya tashi, ya ɗan durƙusa, ya janye wuya. Don haka na riƙa ba iska baya ina jira.

Ranar da na same shi, da hantsi ne, masu albasa suna ban ruwa a bayana. Wani ya tayar da injinsa, ƙarar ta firgita tsuntsun. Ya durƙusa, na riga na ɗaga kamara. Ya buɗe fukafukai, ƙafafu na lilo, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Tun kafin in duba na san na kama shi.

Baba ya karɓi hoton da hannunsa mai lafiya, ya kusanto da shi fuska. Ya ce, "Yawwa. Shi na." Ya sa aka jingina shi a bango inda zai gan shi daga shimfiɗa, abokansa tsofaffi suna zuwa gaisuwa suna gardama a kan wane gefen dam ne.

Bayan nan ya ce birgi yake son gani a sama, wato ragar da masunta ke jefawa. Na tafi da ƙanena wanda ya gaji sana'ar Baba, ya shiga ruwa iya cinya ya yi ta jifa ina ɗauka. Hoton ya fito ragar a buɗe kamar faifai.

Baba ya duba ya ce, "Hoton ya yi kyau. Amma kira man ƙanenka. Wa ak koya mai jihwa da kahwaɗa a sanƙare haka?"