Majo Asibi da Rawanin Alhaji Dado

Asibi taubashiyata ce, ɗiyar kawuna wanzami na Ollelewa, don haka ba mai hana ni faɗin halinta. Matar nan ba ta yarda da kowa. Ka miƙa mata ruwa, sai ta leƙa cikin kofin tukuna. Shekara goma sha tara tana aikin jinya a Damargu, ni kuma ina tuƙa motar asibiti, wallahi ban taɓa ganin ta sa hannu a takardar da ba ta karanta sau biyu ba. Mutane Majo suke ce mata, don ita ce babbar masu jinya. Ni Uwar Zargi nake kiranta, ita kuma ta ce mini Rabi'u Sakin Baki.

Litinin da Alhamis nake kai ta gidan kaso duba marasa lafiya. Bayan girbin bana aka kawo Alhaji Dado, tsohon magajin garin wata karkara, aka ajiye shi kafin shari'a. Ana zarginsa da sa hannu aka kange filin kiwo har da rijiyar makiyaya. Amma ko akuyar Tanut ta san ba shi kaɗai ba ne. Akwai manya a bayansa, kuma ran da ya buɗe baki gaban alƙali sunaye za su zubo.

Dattijo ne mai shekara saba'in, ga hawan jini ga ciwon suga. Baƙin rawani yake naɗawa har ya rufe baki, ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa a buɗe ba. Masu gadi ma kunyarsa suka ji, suka bar masa abinsa.

A sati na biyu wani mutum mai ƙamshin turare ya tare mu a ƙofa, ya ce sunansa Zakiyyu, daga sama aka aiko shi. Wane sama? Bai faɗa ba. Ya miƙa wa Asibi takardar Faransanci, irin wadda ake cikewa in ana tsoron ɗan kaso zai halaka kansa. Har an ɗiga mata fensir a inda za ta ce e.

"Madam, taimakonsa muke son yi," in ji shi.

"To, bari in ga mara lafiyar tukuna," ta ce, ta cusa takardar a jaka.

A mota ta juyo ta dube ni. "Rabi'u, in takarda ta ce mutum yana neman kashe kansa, gobe aka tarar da gawarsa, wa zai yi tambaya?"

Ta ce kuma da zarar ta sa hannu, doka ta ce a karɓe rawaninsa a kai shi ɗaki shi kaɗai, inda ba mai shaida.

Na ce, "Shi ke nan, kar ki sa mana!"

"Kai dai kanka tulu ne. Ba ka ga ya nemi yafiyarka ba?"

Haka ne kuwa. Satin nan Alhaji ya bi kowa yana cewa a yafe masa: masu gadi, mai shara, har ni da ban taɓa haɗa hanya da shi ba. Ya kyautar da rediyonsa, ya aika da zobensa gida. A wajenmu mai tafiya Makka ne ke yin haka, Alhaji kuwa ba Makka za shi ba. Awo kuma ya nuna ya daina shan magani. Asibi ta rasa inda za ta sa kanta. In ta sa hannu ta miƙa shi ga masu son ya yi shiru, in ta ƙi kuma ta bar shi da dogon ƙyalle da baƙin ciki.

Ran Alhamis ta sa aka kawo shi ɗakin awo, ina tsaye riƙe da jakarta. Ba ta karanta masa tambayoyin takardar ba. Wa zai dubi dattijo ya jera masa irin waɗannan? Durƙusawa ta yi.

"Baba, ni ɗiyarka ce. Yafiyar nan da kake nema, ina za ka?"

Can ya ce, "Shaiɗan yana zuwa mini da wata shawara, ɗiyata. Ina korarsa yana dawowa. Na ji kuma an ce za su tuɓe mini kai gaban yara. In aka yi haka, me ya rage?"

Tausayi ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Ba ni rawanin, Baba," ta ce. "Na yi maka alkawari ba mai ganin kanka. Rabi'u, juya ka kalli bango!"

Da na juyo, kan Alhaji na naɗe da farin bandeji har kunne, rawanin kuma yana cikin jaka. Ta gaya wa masu gadi ƙuraje ne suka fito masa, dole a wanke kullum. Da wannan ƙaryar ta samu shiga kowace safiya. Magani ƙwaya ɗaya-ɗaya take ba shi, sai ya haɗiye a gabanta. Ta roƙa aka haɗa shi ɗaki da wasu dattawa biyu 'yan Gangara da rigimar gona ta kawo, su riƙa hira da salla tare. Abincin da aka kawo daga waje, wanda ya kawo shi zai fara ci. Gaskiyar abin da Alhaji ya faɗa kuwa ta rubuta da hannunta, ta kai wa alƙali da ƙafarta. Takardar Zakiyyu ta mayar masa yadda ya kawo ta.

Alhaji ya fara cin abinci, har ya aika a karɓo masa rediyonsa. Sai ga takarda ta zo: an canza wa Asibi wurin aiki, zuwa wani ƙaramin asibitin daji can bayan Belbeji, wai ana bukatar ƙwarewarta. Ƙwarewa! Ni na kai ta da gadonta da tukwanenta, raina a ɓace, ta bar 'ya'yanta a Tanut saboda karatunsu na lakwal. An ce in ta bar wurin ba izini, a bakin aikinta.

Can waya ba ta kamawa sai an hau tudun rairayi. Kullum da hantsi sai ta hau ta kira ni. Ya ci abinci? Wa ya kawo? Dattawan nan suna nan? An ɗage shari'ar sau biyu, shekaranjiya kuma aka sallami 'yan Gangara.

Yau da safe wanda ya gaje ta ya kwance bandejin a tsakar gidan kaso, gaban kowa, ya ce shi bai ga ƙurji ko ɗaya ba. Da na zo fita Alhaji ya kama hannuna ya ce in gaya wa ɗiyarsa Asibi ta yafe masa.

Da ta kira da hantsi na gaya mata.

"Rabi'u," ta ce, "zuba mai, ka zo ka ɗauke ni yanzu."